Kafin a Kai Yaro Jardan

Hadiza: Masu saurare, barkanku da war haka daga nan Yamai. Oktoba ta ƙarato, kasuwar Wadata da ta Katako sun cika da iyaye masu neman jaka da takalman yara. Yau ina tare da Inna Rabi, wadda ta daɗe tana koyarwa a jardan, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, da kuma Yaya Sani. Inna, ɗan shekara 3 ko 4, me ya kamata ya iya kafin a kai shi?

Inna Rabi: Ɗiyata, ba karatu ba ne. Uwa za ta zo tana murna wai yaronta ya iya ƙirga da Faransanci har goma. Madalla. To, ya iya cewa yana jin fitsari? Ya iya kwance wandonsa, ya riƙe buta, ya wanke hannu? Ya ma san sunansa na yanka? Sau da yawa sai in kira suna a aji, yaro yana kallona bai amsa ba, don an sa masa sunan kakansa, a gida Baba kawai ake ce masa.

Sani: Ga kuma maganar harshe, Inna. A Yamai aji ɗaya sai ki tarar da mai jin Hausa, da mai jin Zabarmanci, da ɗan Fulani, malama kuma tana haɗawa da Faransanci.

Inna Rabi: Wannan bai cika damuna ba, Sani. A wurin wasa suke kwashe harshen juna. Abin da ke damuna shi ne tsoron da ake dasa musu tun daga gida: "In ba ka bari ba, sai in kai ka lakwal, mushe (malami) ya zane ka." An yi wata da watanni ana faɗa masa haka, ranar da aka kawo shi kuma a ce me ya sa yake birgima a ƙasa? Ai gaskiya gare shi.

Hadiza: To ranar farko fa? Wasu iyaye sai su faki idon yaro su sulale.

Inna Rabi: Kada ki yi haka, don Allah. Ki durƙusa, ki dube shi, ki ce za ki tafi, za ki dawo kafin a kira azahar. Sannan ki dawo a kan lokacin. Zai yi kuka, yawanci kafin ki kai bakin titi ya yi shiru. Amma wanda aka gudu aka bari, washegari ko zanenki ba zai saki ba.

Sani: Ni iyaye maza nake son in yi wa magana. Biyan kuɗin rajista ba shi ne ƙarshen aikinmu ba. Mu taka da ƙafarmu mu ga ajin. Ba mu manta gobarar Afrilun 2021 a unguwar Peyiba ba, inda azuzuwan zana suka kama wuta, yara aƙalla 20 suka rasu, galibinsu ƴan jardan. A Nuwamban shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi.

Inna Rabi: Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Hadiza: Amin, Inna.

Sani: Amin. Saboda haka a duba da me aka gina ajin, ƙofa nawa gare shi, akwai ruwan sha da makewayi, wa ke tsaron bakin ƙofa. A kuma gaya wa malama sunan wanda zai riƙa ɗauko yaron, kada a miƙa shi ga duk wanda ya zo ya ce an aiko shi.

Hadiza: Takardu fa, Yaya?

Sani: Takardar haihuwa da katin riga-kafi. Wanda bai yi rajistar haihuwa da wuri ba, sai ya bi ta wurin alƙali, kuma abin yana ɗaukar lokaci. Gara a fara tun yanzu.

Inna Rabi: Kar a manta lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. Ya kwana cikin sange, in jikinsa ya yi zafi a kai shi likita, ba aji ba. A kuma fara kwantar da shi bayan isha tun wannan makon, don ya tashi da wuri ya sha kokonsa a natse kafin a fita.