Bayodizal a injin jirgin sama: inda gizo ke saƙar

Wannan rubutu an ɗauko shi ne daga faifan laccar da wani malamin injiniya ya gabatar wa ɗalibai da baƙi. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamaina, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Kun ga kwalabe biyun nan da na ajiye a kan tebur. Wannan farin shi ne man jirgi, Jet A-1, wato kananzir ne da aka tace shi tas. Wannan mai ruwan zuma kuwa bayodizal ne. Man girki ne, na waken suya ko manja ko ma wanda aka gama suya da shi, a haɗa shi da metanol, wani nau'in sinadarin alkohol, da ɗan sinadarin soda, gilisarin, wato ruwa mai kauri da ke rabuwa da man, ya kwanta a ƙasa, a kwashe na sama. Tambayar da ɗalibai ke yawan yi mini ita ce: tunda yana tuƙa tirela, me zai hana shi ɗaga jirgi?

Injin jirgi, wanda muke kira tabain, aikinsa uku ne. Ya zuƙi iska ya matse ta, a fesa mata mai a cikin tukunyar ƙonewa, zafin ya fita da ƙarfi ya juya farfela. Wutarsa ba ta mutuwa ta tashi kamar ta injin mota. Ci take yi ba tsayawa, kamar risho. Saboda haka tabain ba mai zaɓen abinci ba ne. Ka ba shi bayodizal, zai ci.

Kai, ta wani ɓangaren ma ya fi kananzir kyawun ci. Duk wanda ya yi girki da risho ya san bambancin shuɗiyar wuta da jar wuta mai baƙanta gindin tukunya. A cikin man jirgi akwai wasu sinadarai da ake kira aromatik, ƙa'ida ta yarda su kai kashi 25 cikin ɗari, kuma su ne uwar baƙin hayaƙi. Bayodizal ba shi da su, ba shi da sinadarin farar wuta (sulfa) sai ɗan abin da ba a rasa ba, sannan kusan kashi 11 cikin ɗari na nauyinsa iskar oksijin ce. Ya zo da guzurinsa ke nan. Harshen wutarsa ya fi shuɗi, baƙin hayaƙinsa kaɗan ne.

Amma guzurin nan kaya ne. Oksijin ba ya ba da zafi, nauyi kawai yake ƙarawa. Kilo ɗaya na man jirgi yana ba da zafin da ya kai megajul 43, na bayodizal kuwa 37 zuwa 38. Direban tirela ba zai damu sosai ba, domin da lita yake saye, kuma bayodizal ya fi nauyi a lita, sai tazarar ta ragu. Matuƙin jirgi da kilo yake lissafi. Inda zai ɗauki tan 100, sai ya ɗauki wajen 115, kuma ƙarin nauyin nan shi ma sai an ƙona mai kafin a ɗaga shi.

Sai batun feshi, wanda a ganina ɗalibai ba sa ba shi haƙƙinsa. Ruwan mai ba ya ci da wuta. Tururinsa ne ke ci. Dole bakin feshi ya farfasa man ya zama kamar hazo, ya ƙafe cikin ƙiftawar ido. To ku zuba man gyaɗa a injin feshin gona ku ga abin da zai fito: ɗigo manya-manya, ba hazo ba. Bayodizal bai kai man gyaɗa kauri ba, amma ya ninka kananzir wajen sau uku. Ga shi ba ya tafasa sai ya haura digiri 300, a daidai inda kananzir ya riga ya gama ƙafewa. Manyan ɗigo suna ƙafewa a makare, wutar ta yi tsawo, tayar da inji da sanyin safiya ya yi wuya. Mafi muni, idan wuta ta mutu a sararin sama, inda iska ba ta da kauri, matuƙi na buƙatar man da zai kama nan take.

Yanzu ga babban dalilin. Wa ya taɓa ɗauko kwalbar manja da asuba lokacin hunturu? (Dariya.) To, Hajiya ta ɗaga hannu. Sai an kai ta bakin murhu, ko ba haka ba? Wannan a sanyin da bai kai na firji ba ke nan. Jirgi kuwa a tsayin kilomita 11 yana cikin sanyin da ya kai digiri 56 ƙasa da sifili. Ƙa'idar Jet A-1 ita ce kada ya fara daskarewa sai a 47 ƙasa da sifili. Bayodizal na manja yana fara gauraya da ƙanƙara tun a digiri 13 zuwa 15 sama da sifili, na waken suya a wajen sifili. Matatar mai za ta toshe tun jirgi bai gama hawa ba. Shi ya sa masu kula da man jirgi suke ɗaukar bayodizal a matsayin gurɓata: abin da aka yarda ya shiga shi ne miligiram 50 a kowane kilo. Tankar lita 33,000, lita ɗaya da rabi ta isa ta kai ta iyaka.

Wani zai ce ai mun ji jirage sun tashi da man tsirrai. Gaskiya ne. A Fabrairun 2008 jirgin Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa Amstadam da kashi 20 na man kwakwa da na babasu, wata bishiya dangin kwakwa, a inji ɗaya cikin huɗu, gajeriyar tafiya. A Disambar shekarar Air New Zealand ya gwada man binidazugu, wannan dai da muke shinge da shi, rabi da rabi da kananzir. Sai dai na biyun ba bayodizal ba ne. An bi man da iskar haidurojin aka cire masa oksijin ɗin gaba ɗaya, aka daddatsa shi ya koma kananzir. Shi ake kira HEFA, kuma a 2011 aka amince a gauraya shi har kashi 50. Me ya sa ba ɗari ba? Aromatik ɗin nan da muka zaga ɗazu, su ne ke kumbura robobin da ke hana mai yoyo. Ko jirgin da ya ƙetare daga Landan zuwa New York a Nuwambar 2023 ba ɗigon man fetur, sai da aka ƙara masa kashi 12 na aromatik da aka samo daga tsirrai.

Wani ɗalibi ya tambaya ko ke nan bayodizal ba shi da wurin zama a tabain.

Yana da shi, ɗana, a ƙasa. Tabain mai ba da lantarki, irin na tashar Geregu a jihar Kogi, ba ya ɗaukar tankinsa a ka, kuma ba ya zuwa inda sanyi yake. Na Geregu da iskar gas suke aiki, amma akwai ire-irensu masu shan ruwan mai. Irin wannan sai ka ɗumama masa man kafin ya isa bakin feshi, kaurin ya sake. Ka dai kula da tankin, domin bayodizal yana jan ruwa, kuma idan ya daɗe a ajiye yana lalacewa kamar man suya.