Lacca: Biranen kudancin ƙasar Amurka da suka cancanci ziyara

Assalamu alaikum. Iyaye, malamai, ɗalibai, barkanmu da yamma. An ce lokacina kaɗan ne, to bari in kama hanya.

Da an ambaci Amurka, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne New York da dogayen benaye. Ni kuwa wanda ya ce mini yana da mako biyu kuma yana son ganin al'ada, kudu nake tura shi, wato yankin jihohin da suka ɓalle a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, ƙasar auduga da shinkafa da rake. Can aka fi bautar da baƙar fata, can kuma sawun Afirka ya fi fitowa, a tukunya da ganga da saƙa.

Garin da ya fi kwanta mini a rai shi ne Charleston, a jihar Carolina ta Kudu. Turawan Ingila suka kafa shi a 1670. Masana sun ƙiyasta kusan kashi 40 cikin 100 na bayin da aka kawo Amurka daga Afirka ta tashar jiragen ruwan garin nan aka sauke su. Me ya sa? Shinkafa. Masu gonakin sun ga fadama, amma gwanintar nomanta tana hannun mutanen gaɓar Afirka ta Yamma, daga Senigal zuwa Saliyo, don haka su aka fi nema a kasuwa. Jikokinsu su ake kira Gullah, har yau suna da harshensu da girkinsu.

In kun je, ku ƙetare gada zuwa Mount Pleasant, bakin babbar hanya mai lamba 17. Akwai rumfunan mata masu saƙa. Na zauna kusa da wata dattijuwa na kusan awa guda ina kallon hannunta. Ta damƙi ciyawa mai ƙamshi, ta naɗe ta, ta huda da ƙotar cokali da aka wasa, ta zura tsagin ganyen wani ɗan kaba, ta ja, ta sake hudawa. Idonta ma ba ya kan aikin, hira take. Abin da ya fito daga hannunta faifai ne, irin wanda kakanninta suka sheƙe shinkafa da shi. Yanzu masu kuɗi ke saye su rataye a bango. A garin kuma ana sayar da wani ɗan biskit na riɗi, suna ce wa riɗin benne, kalmar da ta ƙetare teku tare da mutanen.

Kada in manta da Umar ibn Sa'id, malami daga Futa Toro, a yankin kogin Senigal, wanda aka sauke a Charleston a matsayin bawa a 1807. Ya gudu zuwa Carolina ta Arewa, aka kama shi aka kulle, ya riƙa rubutun Larabci a bangon kurkuku. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, rubutun yana ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A 2023 an buɗe gidan tarihi na baƙar fata a Charleston, a daidai mashigar da aka riƙa sauke irin su.

Sai New Orleans, a jihar Louisiana. Wannan kam kowa ya san sunansa, kuma ba a banza ba. Faransawa suka kafa shi a 1718, ya koma hannun Sifaniya, ya dawo wa Faransa, sannan a 1803 Amurka ta sayi yankin gaba ɗaya kan dala miliyan 15. Kowane ya bar nasa a garin. Akwai wani fili da ake kira Congo Square, inda bayi ke taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa da ɗan ciniki. Gangar da aka hana a wasu garuruwa, a nan ta ci gaba da tashi, kuma a garin nan aka haifi kiɗan jaz, aka haifi shahararren mai busarsa Louis Armstrong a 1901. Wata jana'izar ma da masu busa ake yi: a tafi maƙabarta da sauti mai sanyi, a dawo ana cashewa. Kaburbura da yawa a saman ƙasa aka gina su, don babban ɓangaren garin yana ƙasa da matakin teku, abin da ya sa guguwar Katrina ta yi masa mummunar ɓarna a Agustan 2005. Miyarsu gumbo, sau da yawa da kuɓewa ake yin ta. To amma ku tambaya kafin ku sa cokali, jama'a. Naman alade ya yi yawa a girkin kudu, har cikin wake da ganye ake jefa shi.

Memphis ta jihar Tennessee, kwana biyu sun isa. Da dare a bi titin Beale a ji kiɗan bulus, da safe a je otel ɗin Lorraine, inda aka harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, ranar 4 ga Afrilu 1968, a barandar ɗaki mai lamba 306. Ya zo ne don mara wa masu kwasar shara baya a yajin aikinsu. Tun 1991 wurin ya zama gidan tarihi.

Savannah ta jihar Georgia ma tana da kyau, da dandali 22 masu inuwar manyan itatuwa, amma na ga mai gabatarwa yana nuna mini agogo. Mai niyyar tafiya dai ya nufi Maris ko Afrilu, don daga Yuni zafi da gumi suke kankama, lokacin guguwa kuma ba ya ƙarewa sai ƙarshen Nuwamba. Malam, a miƙa wa mai tambayar farko lasifika.