Ɗamarar hawan bishiya: abin da za ka duba kafin ka saya

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga nan Birtaniya zan yi magana ne a kan ɗamarar hawa, wadda mai aikin sassabe da sare bishiya yake ɗaurawa ya wuni a sama. Ga guda nan na shimfiɗa a kan tebur, za mu bi ta gaɓa-gaɓa.

Abu na farko, juya ta ka nemi tambarin da ke ɗinke a ciki. Bari in matso da kyamara. Kun ga an rubuta EN 813? Wannan ita ce ƙa'idar Turai ta ɗamarar da ake zama a cikinta a rataye. Kusa da ita ga EN 358, wadda ta shafi bel ɗin ƙugu da zobban gefe da ake jingina da su a jikin itace. Ɗamarar aikin bishiya a Turai waɗannan biyun take ɗauke da su. In ka ga EN 12277 kaɗai, ta masu hawan dutse ce, ajiye ta. An yi ta ne mara nauyi don mai motsi, ba ta da zobban gefe, kuma sosonta ba zai ɗauke ka awa shida ba. In ka ga EN 361, wannan ta tare faɗuwa ce, irin ta masu gini, mai maƙali a ƙirji ko a baya. Waɗanda ke Amurka kuma su duba ƙa'idar ASTM F887 ta kayan hawa, aikin kansa yana ƙarƙashin ƙa'idar ANSI Z133. A tambarin nan dai za ka ga ranar da aka ƙera ta da lambarta. Nauyin da aka yarda ta ɗauka yana nan ko a takardarta, wasu kilo 100, wasu 140 ko 150, kuma lissafin ya haɗa da kai da zarto da duk abin da ka rataya.

Ku riƙe wannan da kyau: ɗamarar zama ba a yi ta don ka faɗo ta tare ka ba. An yi ta don ka kasance a rataye, igiya a miƙe. Shi ya sa ake koyar da mu a nan kada igiya ta saki fiye da rabin mita. In mutum ya faɗo da igiya sake, duk ƙarfin fizgar a kwankwaso da ƙashin baya yake sauka.

To, mu zo kan gada, don a nan zan fi daɗewa. Ita ce wannan guntuwar igiyar da ta ratsa gaba daga ƙugu zuwa ƙugu, da zobe yana yawo a kanta. Igiyar hawanka a wannan zoben take shiga. Idan ka miƙa jiki zuwa ƙarshen reshe, zoben sai ya zame gefe, ƙugunka ya juya ba tare da ɗamarar ta murɗe ka ba. Duk nauyinka a kan gadar nan yake, kuma ita ce ta fi komai saurin cinyewa, saboda ƙarfe yana gugarta daga safe har yamma, ga garin katako da ƙasa suna shiga tsakani.

Don haka tambaya ta farko ga mai sayarwa: ana canza gadar? Kuma ana samun ta kamfanin? In ba a canzawa, ranar da ta cinye ɗamarar gaba ɗaya ta tashi aiki. Wasu gadojin igiya ne da ake ƙulle bakinsu a bayan farantin ƙarfe, wasu kuma ɗinkakku ne da ke shiga zobe mai buɗewa da ƙusa. Mai ƙulli, ka yi irin ƙullin da takardar kamfani ta nuna, ka bar jela daidai tsawon da suka ce, don ƙulli yana iya zamewa sannu a hankali. Mai ƙusa, ka tabbata ƙusar ta shiga har ƙarshe. Ina roƙonku, kada wanda ya yanko ragowar igiya daga jaka ya mayar da ita gada. Ba kowace igiya ke jure lanƙwasa da guga a wuri ɗaya ba, wata ma cikinta ke mutuwa alhali bayanta lafiya lau.

Tsawon gada ma yana canza aiki. Gajeriya tana kawo na'urar hawa, wato abin da ke kama igiya ya riƙe ka, kusa da ciki, hawa ya yi sauƙi, amma juyawa ta ragu. Doguwa tana ba ka sakewa a kan reshe, sai dai ƙullin zamiya, wanda wasu ke amfani da shi a madadin na'ura, ko na'urar na iya yin nisa har hannu ya kasa kai wa, kuma wannan haɗari ne. A rataye, dole hannunka ya kai saman na'urar ba tare da ka yi miƙa ba. Akwai masu gada biyu, suna da amfani in kana aiki da igiya biyu, kowace da tata.

Sai zobban gefe, waɗannan manyan biyun a kan ƙugu. Na igiyar jingina ne, wadda kake zagaya itace da ita. Bibbiyu ake amfani da su, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma ƙafarka tana kan wani abu. Kada ka rataya a guda ɗaya, zai karkatar da kai ya matse haƙarƙari. Na ƙasan nan, inda gada ta kama, su ne ke raba nauyi zuwa cinya. Wanda aikinsa ya fi yawa a sare itace daga sama zuwa ƙasa, yana tsaye kan ƙarafan ƙafa masu tsini, ya nemi bel mai faɗi da tauri a baya, don nauyinsa a kwankwaso yake wuni. Wanda kuma ya fi yawo a rassa yana gyaran kan bishiya, ya fi buƙatar madaurin cinya mai faɗi da gada mai sakewa. In hawan igiya ɗaya tsayayya kake yi, duba ko akwai wurin haɗa madaurin ƙirji, wanda ke jan na'urar sama yayin da kake takawa. Kamfanin Petzl ma sun raba ɗamararsu Sequoia gida biyu saboda haka, akwai mai suna SRT, wato ta hawan igiya ɗaya. Ɗamarar TreeMOTION ta kamfanin Teufelberger kuma an san ta da yawan wuraren daidaitawa. Ban ce ga wadda za ka saya ba, jikin kowa daban.

Waɗannan ƙananan madaukan na baya na kaya ne kawai. Ba sa ɗaukar mutum. Duk karabinar da ke riƙe da rai, wato ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa da ake haɗa igiya da ita, kada ta kusance su, kuma ta zama mai kulle kanta, wadda sai an yi motsi uku take buɗewa. Zarto mai inji na sama yana kai kilo 3 zuwa 4 kafin a zuba mai, shi ke jan ɗamara ƙasa ta gefe guda. In kana ɗaukar babba, sa madaurin kafaɗa, amma ka sani yawancinsu na riƙe nauyin kaya ne, ba su mayar da ita ta tare faɗuwa ba. Igiyar zarton kuma gara mai tsinkewa in an fizge ta da ƙarfi, saboda in reshe ya kama zarto ya tafi da shi, kada ya tafi da kai.

Yanzu gwaji. Ɗamara a tsaye ba ta faɗa maka gaskiya, sai an rataya. Auna ƙugu da cinya da tef, ka auna a kan wandon kariyar zarto da za ka yi aiki da shi, don yana da kauri. Ka tuna da rigunan sanyi, a bar sarari a madauri na ƙari da ragi. Bel ya zauna a saman ƙashin ƙugu, ka ja shi har ya zama ba ya zamewa ƙasa in ka tura. Madaurin cinya kuma tafin hannu ya iya shiga a shimfiɗe, ban da dunƙule. Sannan ka rataya a ƙasa-ƙasa, ƙafa ta bar ƙasa kaɗan, ka yi minti goma. Juya dama, juya hagu, kwanta baya, ɗaga gwiwa. In bel ya hau ya tokare haƙarƙari, ya yi yawa ko madaurin da ke haɗa shi da cinya bai daidaita ba. In kana kifewa baya sai ka riƙe igiya, inda gada ta kama ya yi ƙasa. In ƙafa ta fara dindiris ko matsematsi ya ɗau zafi, madaurin cinya na datse jini, sauke shi ƙasa kaɗan ka sake gwadawa. In bai daina ba, ba taka ba ce, ko da kowa na yabonta.

Maganar jinin nan ba ƙarama ba ce. Mutumin da ya rataya ba motsi, jini na taruwa a ƙafafunsa, yana iya suma cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ba a hawa sai da wani a ƙasa wanda ya iya hawa ya sauko da kai, da kayansa a shirye.

Ta hannu kuwa, wadda ba ka san tarihinta ba, bar ta. Araha ba ta ado. Ba ka san ko ta taɓa cin fizga ba, ko ta kwana cikin fetur.

Kullum kafin ka hau, bi gada da yatsu daga ƙulli zuwa ƙulli. Wurin da ya yi laushi, ko ya ƙandare, ko ya yi sheƙi kamar ya narke, canza ta. Shafa cikin zobe, in guga ta yi masa rami ko kaifi, shi ma ya tafi. Duba ɗinki, musamman inda zare ya bambanta da launin madauri, an yi haka ne don tsinkewa ta fito fili. Buɗe kowane maƙulli ka rufe, ka ji ya kama, don garin katako na cushewa a ciki ya hana shi kullewa sosai. A nan Birtaniya dokar kayan ɗaga nauyi, wato LOLER ta 1998, ta wajabta ƙwararre ya duba kayan hawa duk wata shida, a rubuta. Kamfanoni da yawa suna ba kayan zare shekara 10 daga ranar ƙerawa, amma wannan iyaka ce ta sama, mai hawa kullum ba ya kai wa nan. In ta yi datti ko ƙaro ya manne mata, wanke da ruwan da bai wuce digiri 30 ba da sabulu mara ƙarfi, ka shanya a inuwa, nesa da wuta, kuma kada ta kwana a jaka ɗaya da galan ɗin mai.