Hakeem Olajuwon da gardamar "da Jordan na nan"

Hauwa: Assalamu alaikum jama'a. Koci Auwal na nan, Bashir ma ya iso, a makare dai. Tun ranar Juma'a saƙonninku suka hana mu sakat: wai kofunan NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da Hakeem Olajuwon ya ci da ƙungiyar Houston a 1994 da 1995 tsintuwa ce, don Michael Jordan ba ya nan. Koci, bismillah.

Koci Auwal: Hajiya Hauwa, rabin maganar tun daga tushe ta rushe. Jordan ya ajiye wasa a Oktoban 1993, bai buga kakar da ta biyo baya ba, wannan haka yake. Amma ya dawo a Maris ɗin 1995, kuma yana fili Orlando ta kori ƙungiyarsa Chicago da ci 4 da 2. Orlandon nan ta Shaquille O'Neal ita Houston ta share 4 da nema a wasan ƙarshe.

Bashir: Duk albarkar Sakkwato ce.

Hauwa: To fa, an fara.

Bashir: Ai tarihi ne. An haife shi a Legas a 1963, gola yake yi a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu. Makarantarsa, Kwalejin Malamai ta Musulmi, ta zo gasar wasanni a Sakkwato, aka ga dogon yaro ɗan shekara 15, aka roƙi kocinsa ya ba da aronsa ga 'yan ƙwallon kwando. A garin Shehu aka buɗe masa ido.

Koci Auwal: Bashir, mutum ya kwana biyu a garinku sai ya zama ɗanku?

Bashir: Ya sha ruwanmu, ya sha zafinmu. Wanda ya yi gudu a ranar Sakkwato, me zafin Houston zai yi masa?

Hauwa: Saura ka ce ku kuka naɗa masa rawani.

Bashir: Sarkin Kwandon Gobir! Sarautar na nan a ajiye, duk ranar da ya shirya.

Koci Auwal: Ka aika masa da takardar haraji tukuna. Mu koma kan ƙafa, don a nan sirrin yake. Kowa ya san sunan Dream Shake, kaɗan ne suka san yadda ake haɗa ta. Tana farawa tun kafin ƙwallo ta iso hannu. Hakeem yakan ɗan yi tsalle ya cafe ta a sama, ya dira da ƙafa biyu lokaci guda, bayansa na kallon kwando. A doka, wanda ya dira haka yana da zaɓin ƙafar da zai kafe ya juya a kanta. Ka ga mai tsaronsa bai san ta hagu za a bi ba ko ta dama. In ka dira da ƙafa ɗaya kafin ɗaya, ta farkon ce ta zama turkenka, ka riga ka faɗa wa abokin hamayya rabin shirinka.

Hauwa: Daga nan sai girgiza kafaɗa.

Koci Auwal: Kafaɗa da ƙwallo tare. Yara suna kaɗa kai kawai, su bar ƙwallo a ciki, ba wanda zai ruɗu. Shi zai nuna ƙwallon a gefe guda kamar can zai juya. In mai tsaro ya karkata, ya juya ɗaya gefen ya yi jifa yana ja da baya. In bai karkata ba, ya fuskance shi, ya ɗaga ƙwallo kamar zai jefa. Mai tsaro na tashi sama, sai ya tako da ƙafar da ba a kafe ba, ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa ya ajiye a kwando. Kuskure biyu ke kashe wannan. Na farko jan ƙafar da aka kafe: kana iya ɗaga ta don jifa ko miƙa wa wani, amma dole ƙwallo ta bar hannunka kafin ta sake taɓa ƙasa, in ba haka ba alƙali ya busa. Na biyu miƙe gwiwa lokacin yaudarar farko. Da ka miƙe, ba sauran ƙarfin tashi na gaske.

Bashir: David Robinson ya ɗanɗana.

Koci Auwal: Shi aka ba gwarzon shekarar 1995, aka miƙa masa kyautar a gaban Hakeem. A wasanni shida da suka yi da San Antonio, ƙungiyar Robinson, Hakeem ya riƙa zuba maki 35 a matsakaici, Houston ta wuce da 4 da 2. Kuma daga mataki na shida ta taso, sai da ta ratsa Utah da Phoenix kafin nan.

Hauwa: Amma Koci, a faɗi gaskiya, dokar zamanin ta taimake shi. A lokacin an hana tsaron yanki a NBA, dole ko ka riƙe mutuminka ko ka tafi gaba ɗaya ku taru wa mai ƙwallo. Kuma a kakar 1994-95 an matso da layin maki uku zuwa ƙafa 22.

Koci Auwal: Ta taimaki wanda ya iya amfani da ita. Kocin Houston Rudy Tomjanovich ya baza masa maharba a waje: Kenny Smith, Robert Horry, Mario Elie, Sam Cassell. A bar shi da mutum ɗaya ya ci, a turo na biyu ya fitar da ƙwallo ga wanda aka saki. A farkon zamaninsa ba ya sakin ƙwallo da wuri, shi ya sa ƙungiyar ta daɗe tana tsayawa a hanya bayan sun kai wasan ƙarshe a 1986 shi da Ralph Sampson, Boston ta doke su. Wasan farko da Orlando ya nuna tsarin: Kenny Smith ya ci maki uku sau bakwai, Nick Anderson na Orlando ya ɓarar da jifan kyauta huɗu a jere, aka shiga ƙarin lokaci, Clyde Drexler na Houston ya jefa ta ƙi shiga, Hakeem ya dungure ta ciki saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya.

Bashir: Watanni kaɗan kafin nan kuma yana azumi aka ba shi gwarzon watan Fabrairu.

Hauwa: Azumin 1995 kusan duk a Fabrairu ya faɗo. Wasan dare da sauƙi, an sha ruwa. Na rana a ƙarshen mako ne wuya, wasan minti 48 ba ko kurɓa.

Koci Auwal: Mu taɓa tsaro kafin ku ja ni wani wuri. Ya doke jifa sau 3,830, ba wanda ya kai shi tun da aka fara ƙirgawa a 1973. Ya ƙwace ƙwallo sau 2,162, abin da ba a saba gani ba ga ɗan tsakiya, wato dogon da ke wasa kusa da kwando. Dabarar ita ce kada ka riga mai jifa barin ƙasa, kuma ka taɓa ƙwallo tana hawa. In ta fara gangarowa ka taɓa, an ba su makin. A 1994, wasa na shida da New York Knicks, suna neman kofi, ɗan wasansu John Starks ya tashi jifan maki uku a daƙiƙar ƙarshe, Hakeem ya fito har waje ya shafe ta da yatsa. A kakar nan shi ne gwarzon shekara, gwarzon tsaro, kuma gwarzon wasan ƙarshe.

Bashir: Hannun gola ke nan. Da Arsenal ta same shi...

Hauwa: Bashir, don Allah. Mun yi wa masu sauraro alkawarin jera manyan 'yan tsakiya biyar, ga lokaci ya tafi.

Koci Auwal: Kareem, Russell, Wilt, sai Hakeem da Shaq, a bar ni a haka.

Bashir: Na huɗu? Mutumin da aka ɗauka na ɗaya a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984, Jordan na uku, kuma har yau ba wanda ya zargi Houston? Wanda Kobe da LeBron suka je har gida ya koya musu taku?

Koci Auwal: Portland ake zargi, da ta ɗauki Sam Bowie na biyu. Wannan shiri ne guda.

Hauwa: Ba mu ma taɓo komawarsa Toronto a 2001 ba, balle cinikin filaye da yake yi da kuɗi hannu don gudun riba. Mai ɗaukar sauti na ɗaga mini hannu. Ku turo naku jerin, sai mako mai zuwa.