Jawabin maraba ga Mai Girma Jakadan Italiya daga bakin shugaban magina

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Mai Girma Jakada, sannu da zuwa, sannu da hanya, a madadin birkiloli da kafintoci da leburorinmu ina maka lale marhabin kai da tawagarka.

Yallaɓai, mu a sana'armu sunan wani ɗan ƙauye na ƙasarku ba baƙo ba ne, wato Roasio da ke lardin Vercelli a yankin Piemonte. Daga can samari suka riƙa ɗaukar akwati suna hawa jirgin ruwa zuwa Najeriya da Gana neman aikin gini, wa ya zo ya kira ƙani, ƙani ya kira ɗan baffa, har ta kai yanzu garin na da gidan tarihi na 'yan ci-rani. Cappa da D'Alberto da suka kafa kamfanin gini a Najeriya a 1932 ai 'yan can ne.

To wanda kakana ya yi wa lebura shi ma ɗan garin ne, kuma ga jikansa nan zaune cikin tawagarka, shi ya sa na ce sai na faɗi wannan. Kakana ya ce mutumin ya zo ba ya jin Turancin kirki, Hausa ya fara kamawa a wurin aiki, da hannunsa yake ɗora bulo, in layi ya karkace ko na ɗan yatsa ne sai a rushe a sake, ga faɗa kamar me amma ranar biya ba ya riƙe wa kowa sisi. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 sai Turawan Ingila suka tattara Italiyawa suka tsare, wasu har Jamaika aka kai su, shi ma yana ciki, matarsa na can gida da goyo. Bayan yaƙi wallahi sai ga shi ya dawo, wannan karon da iyalinsa, ɗansa a nan ya tashi yana cin tuwo a gidanmu, shi ne ma daga baya ya je aikin dam ɗin Kainji da aka gama a 1968.

Ɗan'uwa, hoton kakanka da nawa yana wurina, kada ka tafi ba ka gani ba. Ranka ya daɗe, bismillah, ga lasifika.