Filin da ba ya hutu a Jufita

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau ina garin Jufita a jihar Fulorida ta Amurka, a filin besbol na Roger Dean da aka buɗe a 1998. Besbol wasa ne da wani ke jefa ƙwallo, wani ya buge ta da sanda. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, manyan ƙungiyoyi biyu ne ke atisayen share fage a nan, St. Louis Cardinals da Miami Marlins. Suna tafiya, a Afrilu sai ƙananan ƙungiyoyinsu su karɓa, Palm Beach Cardinals da Jupiter Hammerheads, kowacce da wasan gida 66 a jadawali, har Satumba. Kun ga ke nan in wannan ta fita waje waccan tana gida, ƙasar ba ta samun hutu.

Ido ciyawa yake fara kamawa, amma wallahi aikin a ƙasa yake. Bari in matso da kyamara.

Wannan tudun da kuke gani, a kansa mai jifa ke tsayawa. Faɗinsa ƙafa 18, tsayinsa inci 10 sama da inda mai bugu ke tsayawa, tazarar da ke tsakaninsu ƙafa 60 da inci 6. Gangarensa ma a ƙa'ide yake, inci ɗaya a kowace ƙafa. Ku dubi ramin nan biyu: ɗaya a gaban farin robar da mai jifa yake tokarawa, ɗaya inda ƙafarsa ta gaba ke sauka. Kowane wasa sai sun haƙu, kuma kowane wasa sai an cike su. Da farko ana share busasshiyar ƙasar da ke ciki tas da tsintsiya, a yayyafa ruwa kaɗan, a zuba sabon yumɓu sama-sama, a daɓe da madaɓin ƙarfe, a ƙara wani a sake daɓewa. Duk wanda ya taɓa ganin daɓen ɗaki a gida ya san hannun nan. In aka yi ganda ba a share ba, sabon yumɓun ba zai kama tsohon ba, mai jifa na takawa zai ɓare kamar ɓawon gurasa, ƙafarsa ta zame. Daga nan ciwon gwiwa da cinya ke farawa. Da an gama sai a rufe da ƙaramin tamfol don kada rana ta tsotse danshin.

Jar ƙasar da ke kewaye kuwa haɗi ce, fiye da rabinta yashi, sauran yumɓu da lallausar ƙasa. Yashi ya yi yawa, ta saki. Yumɓu ya yi yawa, ta bushe kamar siminti, ƙwallo ta yi tsalle ta sami ɗan wasa a fuska. Shi ya sa tiyo ba ya barin hannun ma'aikatan filin. Gwajin danshin da sauƙi: a soka mabuɗi a ƙasar, ya shiga ba wuya ya fito ba laka.

Ga kuma bakin ciyawa nan. Iska da jan abin baje ƙasa suna tara turɓaya a wurin har ya yi tudu, don haka kullum sai an share ko an wanke da ruwa mai ƙarfi.

Daga Yuni zuwa Satumba hadari kan taso da la'asar ba sallama. Ma'aikata su ja babban tamfol da gudu su rufe tsakiyar fili. Amma da rana ta fito dole a yaye shi, in ba haka ba zafin da ke ƙarƙashi ya dafa ciyawar. Ga shi can a naɗe jikin katanga, mu je in nuna muku kaurinsa.