Rauni a Ƙwaƙwalwar Jariran Dabbobi: Kwana Nawa da Haihuwa?

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Malam Bala, tun ina ƙarama nake jin cewa jariri ya fi babba saurin warkewa in ya ji rauni a ƙwaƙwalwa. Haka ne?

Malam Bala: Maganar tana da tushe. A shekarun 1930, Margaret Kennard ta Jami'ar Yale a Amurka ta cire wa birai sashen ɓawon ƙwaƙwalwa mai kula da motsi. Jariran suka koyi tafiya da hawa, manyan kuwa gaɓoɓinsu suka sage.

Hadiza: Ashe magana ta ƙare.

Malam Bala: Ina! Bryan Kolb na Jami'ar Lethbridge a Kanada ya shafe shekaru yana gwaji da ɓeraye. In aka ji wa ɗan ɓera rauni a gaban ƙwaƙwalwa cikin kwana 5 na farko da haihuwa, sai ya girma da ƙaramar ƙwaƙwalwa, ɓawonta ba kauri. Ka saka shi a kwamin ruwa ya nemo wurin tsayawar da aka ɓoye, sai ya yi ta zagaye gefe-gefe. Wanda aka ji wa irin raunin yana da kwana 10 kuwa, da wuya ka bambanta shi da lafiyayye.

Hadiza: Ikon Allah! Tazarar 'yan kwanaki kawai?

Malam Bala: Kin ga, ɓawon nan hawa shida ne. Can ciki ake haifar ƙwayoyin jijiya, wato masu kai saƙo a ƙwaƙwalwa, sai su yi tattaki zuwa sama, na baya su tsallake na farko su zauna a kansu. A makon farko wasu na kan hanya, ba su isa mazauninsu ba. Rauni a lokacin tamkar rushe gini ne ana tsakar aza tubali. Zuwa kwana 10 sun zauna, suna ta fitar da rassa, suna iya sake haɗa hanyoyi.

Hadiza: Wallahi na farkon nan sun ba ni tausayi. Shi ke nan, babu abin yi?

Malam Bala: Akwai, kuma shi ya fi taɓa min zuciya. Kolb da abokiyar aikinsa Robbin Gibb sun riƙa shafa jikin jariran da burushi mai laushi, minti 15, sau 3 a rana, kamar yadda uwa ke lasar 'ya'yanta. Da suka girma, sun fi waɗanda ba a shafa ba iya miƙa hannu su ɗauko abinci.

Hadiza: Burushi kawai, Malam?

Malam Bala: Burushi kawai. Da aka duba ƙwayoyin jijiyarsu, har a can shafar ta bar alama.